DIGIRI DA DABARA: MAGANA GA 'YAN JAMI'A NA SABON BADUN

Lokacin da Nijeriya ke da jami'o'i biyar tak, watau a 1962, da ta Ibadan da ta Nsukka da ta Ife da ta Legas da kuma ta Ahmadu Bello a Zariya, yaron da Allah ya ba digiri ba ya shan wahalar neman aiki. Tun bai gama jarrabawar ƙarshe ba ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni sun fara zawarcinsa, ga gida, ga rancen mota. Wannan zamani ya wuce, ba kuwa alamar zai komo. Yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, kowace shekara suna yaye dubban ɗaruruwan samari da 'yan mata, kujerun ofis kuwa ba su ƙaru ko kusa da haka ba.

Lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 ya nuna cewa kashi 33 daga cikin 100 na masu iya aiki da ke son yin sa ba su da abin yi. A 2023 aka sake ma'aunin, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ba za a lissafa shi cikin marasa aiki ba, sai ga adadin ya faɗo wajen kashi 4. To, masu lissafi su suka san hujjarsu, amma uwar da ke ciyar da ɗa mai digiri shekara uku bayan ya gama bautar ƙasa ba ta ji wani sauƙi a tukunyarta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne halin da 'ya'yanmu na Sabo ke ciki a nan Badun, domin nasu ciwon ya fi na saura. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, in ya je neman aikin gwamnati abin da za a fara tambayarsa shi ne takardar shaidar asali. A Jihar Oyo sau da yawa akan ce masa shi ɗan Arewa ne. In ya hau mota ya tafi Kano ko Katsina ko Sakkwato, garin kakansa, sai ya tarar mai unguwa bai san shi ba, Hausarsa ma an ji ta da gishirin Yarabanci. Saboda haka ƙofar da kowa ke cunkoso a bakinta shi a gare shi ta fi ƙunci. Wanda ke cikin wannan hali, in ya ce zai rungume takarda ya zauna jiran tsammani, zai daɗe a kan benci.

Ni a ganina abin da zai fid da yaran nan shi ne dabara, watau iya duban matsala a ƙago mata hanyar da ba a saba ba, har wani ya yarda ya biya kuɗi dominta. Ina kuma ganin dabara aba ce da ake koyo kamar yadda ake koyon ɗinki ko tuƙi, kuma jami'o'inmu da iyayenmu duka sun yi sakaci da koyar da ita. Abin mamaki shi ne mu mutanen Sabo ba mu da uzurin wannan sakaci, gama unguwar ma kanta da dabara aka gina ta.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan, don yaran yanzu da yawa ba su san tarihin ƙasar da suke takawa ba. An kafa Sabo a 1916, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Sana'o'i biyu ne suka riƙe ta, shanu daga Arewa zuwa Kurmi, goro daga Kurmi zuwa Arewa. Dukansu biyu kaya ne masu wuyar sha'ani. Saniya in ta shigo Kurmi ba ta jimre dogon zama, ƙudan tsando zai sa mata sammore ta rame ta mutu, tilas a sayar da ita da wuri. Mahautan Yarabawa kuwa ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. Ga baƙo ya taho daga Barno ko Damagaram da dukiyarsa duka a kan ƙafa huɗu, bai san kowa ba, ba ya jin harshen garin, ba banki, ba inshora, ba takardar yarjejeniya da zai kai gaban alƙali. Yaya za a yi ya ba mutumin da bai taɓa gani ba bashin sa goma ya kwanta ya yi barci?

Kakanninmu suka warware wannan ƙulli da tsarin maigida. Baƙo ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kuɗinsa. Maigida yana da dillalai waɗanda suka san kowane mahauci ciki da bai, wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, yana da malamin da ke rubuta lissafi, yana da yaran da ke bin bashi. In aka yi ciniki maigida ne ke tsayawa, in mahauci ya gaza shi zai biya daga aljihunsa. Mahaucin da ya ci amana kuwa labarinsa zai zaga kara kafin la'asar, ba mai ƙara ba shi ko ɗan maraƙi sai ya sauke nauyin da ke kansa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963 yana nazarin wannan tsari, ya fitar da littafi a kai a 1969, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in Ingila da Amurka. A lissafinsa shanu wajen 75,000 ake sayarwa a kasuwar Badun kowace shekara a wancan lokaci, akasarinsu bashi, bisa amanar masu gida.

Haka nan goro. Da can daga Gwanja ake kawo shi a kan jakuna, tafiyar watanni. Da noman irin wannan goro ya bazu a ƙasar Yarabawa, har yau ma suna kiransa da sunan Gwanja a harshensu, sai fatake suka juyo da akalarsu zuwa Shagamu da Badun da ƙauyukan da ke kewaye. Goro yana son a san yadda za a zaɓe shi, a naɗe shi da ganye a huhu, a riƙa buɗewa ana tsince wanda sankara ta taɓa, a kuma san farashin Kano a yau kafin a saya a nan. Ba wanda ya koya musu wannan a aji. Matsala ce ta taso musu, suka yi ta gwaji har suka dace.

To, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Abubuwan da suka sa maigida ya zama dole a jiya, yau wayar hannu ta cinye rabinsu. Mai shanu a Potiskum yana iya ganin mai saye ta waya, kuɗi su shiga asusunsa kafin tirela ta wuce Jebba. Canjin kuɗi, wanda ya zama babbar sana'ar Sabo a shekarun baya, shi ma yana fuskantar matsi: a watan Yuli na 2021 Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji dala kamar yadda aka saba, a watan Maris na 2024 ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana ɗaya, sa'an nan ya ɗora sabon sharaɗin jari na Naira miliyan 500 ga ƙananan kamfanoni da biliyan 2 ga manya. Mai ƙaramin ƙarfi ina zai samo wannan? Ke nan yaron da ke cewa in aikin gwamnati bai samu ba zai koma teburin babansa, ya kamata ya fara tambaya ko teburin zai kai shekara goma nan gaba yadda yake.

Wani zai ce dabara baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi. Gaskiya ne mutane sun bambanta, amma in ka bi labarin waɗanda suka ƙago wani abu za ka tarar da aiki ne tsagwaronsa a ƙarƙashi. Ɗauki marigayi Mohammed Bah Abba, malamin kwaleji a Dutse ta Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya ga manoman ƙauye suna asarar kayan lambu don ba wuta ba firji. Ya ɗauki ƙaramar tukunya ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa yana fita ta jikin babbar tukunya, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kayan su yi sanyi. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ya sa magina suka gina dubbai, ya bi ƙauyuka yana nunawa, a shekarar 2000 kuma kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya. Ilmin da ke cikin wannan abu duk ɗan sakandare ya karanta shi, tukunya kuwa kowace tsohuwa ta san tana sanyaya ruwa. Abin da ya ƙara shi ne ya haɗa biyun, ya gwada, ya auna, ya kai wa masu bukata.

Ga wani abin lura a nan. Wanda ya ɗauko wannan tukunya ya kawo ta Badun da damina zai sha kunya, domin iskar Kurmi cike take da laima, ruwan ba zai bushe da sauri ba, sanyin kuwa daga bushewar yake zuwa. Mai kwaikwayo zai ce tukunyar ce ba ta da kyau. Wanda ya fahimci dalili shi zai san inda zai gyara, ko ya nemi wata hanya dabam. Wannan shi ne bambancin da nake so ɗalibanmu su riƙe, kuma shi ya sa ba na tare da masu cewa karatun boko ɓata lokaci ne, a tafi kasuwa kawai. Sai da ilmi mai zurfi dabara ke tsayawa da ƙafarta. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt wadda kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, sai da ya yi karatun zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya ƙara da na zanen motoci a Detroit, kafin zanen da yake yi tun yana yaro ya zama abin da kamfani zai saya.

Yanzu sai mu duba abin da jami'a ke yi da yaron da muka miƙa mata. Aji ɗaya mutum ɗari biyar, malami a can gaba ko muryarsa ba a ji, ya karanto abin da ya rubuta shekara goma da suka wuce, ɗalibai su kwafa, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa yadda ya ba su. Wanda ya amsa da wata hanya dabam, ko da ta fi, yana iya faɗuwa. Shekara huɗu ana horar da yaro cewa tambaya rashin kunya ce, kuskure kuma abin tsoro ne, sa'an nan ranar da ya fita a ce masa ya je ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Ban ɗora wa malamai laifin duka ba. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ɗakin gwajinsa ba wuta ba kayan aiki, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba za a nemi ya yi abin al'ajabi ba.

Gwamnati ma ba za a ce ba ta san da ciwon ba, magungunan ne ba sa kai wa ga jijiya. Tun farkon shekarun 1970 aka kawo shirin tura ɗalibai masana'antu su koyi aiki kafin su gama. A 1986 aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa. Wajen 2006 aka umarci jami'o'i duka su riƙa koyar da darasin dogaro da kai da kafa sana'a. A 2012 hukumar bautar ƙasa ta shigo da nata shirin koyon sana'a a sansani. Amma je ka tambayi ɗalibi me ya koya a darasin kafa sana'a. Zai gaya maka ya haddace ma'anar ɗan kasuwa da siffofinsa guda bakwai, ya rubuta a jarrabawa, ya ci. Wasu an koya musu haɗa sabulun ruwa, aji guda kowa sabulu iri ɗaya, kamar dai garin ba abin da ya rasa sai sabulu. Sana'ar hannu ba abar raini ba ce, amma koya wa mutum dubu abu ɗaya ba ya haifar da dabara, cunkoso yake ƙara wa kasuwa.

Akwai wata ƙofa da ta buɗe wadda ban ga ana maganarta sosai ba. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabon tsarin manhaja, inda ta tsara kashi 70 daga cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. To, mene ne muhallin Jami'ar Ibadan? Daga ƙofarta in ka biyo ta Sango ka iso Mokola ka shigo Sabo, tafiyar 'yan mintoci ce in hanya ba cunkoso. Kasuwar Bodija na nan kusa da ita, karar shanu ta Akinyele na gaba kaɗan. Jami'ar da aka kafa tun 1948, mai sashen likitan dabbobi da na aikin gona da na fasahar abinci da na kwamfuta da na harsuna da na Larabci, tana zaune a tsakiyar ɗayan manyan mahaɗar cinikin abinci tsakanin Arewa da Kudu. Amma ɗalibi nawa ne, cikin namu ma, suka taɓa rubuta kundin kammala karatu a kan abin da ke damun wannan ciniki? Yawanci sai a ɗauko tsohon kundi a sauya suna da shekara, a ɗaure da baƙar fata, a ajiye a kanta ƙura ta rufe.

Matsalolin kuwa ga su nan zube, kowace da kuɗi a cikinta. Tumatir da tattasai suna tasowa daga Kadawa ko Zariya a kwandunan kaba, an ɗora wani kan wani, kwana biyu a hanya cikin rana, kafin a sauke na ƙasa ya zama ruwa. An san akwatunan roba sun fi kwando kare kaya, amma wa zai mallake su, wa zai mayar da su Arewa ba kaya, nawa za a biya haya? Wannan tambaya ce ta ɗalibin tattalin arziki da na lissafi, kuma wanda ya amsa ta ya sami kamfani. Wani ɗan Nijeriya, Nnaemeka Ikegwuonu, ya fara kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni tun 2015, mai kaya ya biya kuɗin kwana a kan kowane akwati. Me zai hana ɗan Sabo da ya karanta injiniya, wanda kawunsa dillalin kayan gwari ne, ya san bakin zaren fiye da kowa?

Haka batun goro. Cibiyar binciken koko da ke Idi-Ayunre a nan Badun, goro na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata bincike a kai. Masananta suna da ilmin ƙwaron da ke ɓata goro, 'yan goro na Sabo suna da ilmin shekara ɗari na ajiyarsa, amma ba mai kai maganar wannan ga wancan. Ɗalibin aikin gona da ya tashi a gidan goro shi ne gadar. Ga tsire da kilishi da suka yi wa Sabo suna a duk faɗin garin, har yau a takardar jarida ake naɗe yawancinsu. Yarinyar da ta karanta fasahar abinci, ta san yadda ake auna laimar nama da yadda ake rufe shi ya daɗe bai lalace ba, ta bi hanyar samun rajistar NAFDAC, tana iya kai kilishin unguwarsu manyan kantunan Legas. Na ce yarinya da gangan, domin 'yan matanmu da ke jami'a sun ƙaru, kuma irin wannan aiki ana iya fara shi daga cikin gida, kamar yadda iyayensu mata suka daɗe suna juya kuɗi daga bayan katanga ba tare da an gan su a kasuwa ba.

Sai kuma wata dukiya da yaran Sabo ke yawo da ita ba su san darajarta ba, watau harshe. Yaro ya tashi da Hausa a gida, Yarabanci a titi, Turanci a makaranta, Larabci a allo da Islamiyya. Mutum nawa ne a Nijeriya ke da wannan? Kamfanonin waya da bankuna da gidajen rediyo da ƙungiyoyin lafiya duk suna neman wanda zai isar da saƙo ga Bahaushe da Bayarabe ba tare da ya ɓata ma'ana ba. Tun 2013 Google ya sa Hausa da Yarabanci cikin na'urarsa ta fassara, kuma duk mai jin harsunan ya san yadda take kwamacala, ana bukatar masu gyara. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, inda saɓani tsakanin mutum biyu ya zama gobarar da ta ci rayuka da dukiya, har 'yan kasuwar Arewa suka tsai da kawo abinci Kudu na 'yan kwanaki, ya nuna irin tsadar rashin masu shiga tsakani da kowane ɓangare ya yarda da su. Wanda ke jin harshen kowa, ya kuma yi karatun shari'a ko aikin jarida, yana da aikin yi a nan.

Kada a ɗauka wannan magana ta masu kafa kamfani ce kaɗai. Mai ɗaukar ma'aikata ma abin da yake nema ke nan. A rahoton da Majalisar Tattalin Arziki ta Duniya, mai taro a Dabos, ta fitar a 2023 bayan ta tambayi manyan kamfanoni, iya nazari ne ya zo na ɗaya cikin abubuwan da suke so ga ma'aikaci, iya ƙirƙira ya zo na biyu. Dalili a fili yake. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, aikin kwafa da tsara wasiƙa da taƙaita rahoto, wanda dā shi ne abincin ƙaramin ma'aikaci, na'ura na yin sa cikin daƙiƙa. In mutum ɗari suka zo da digiri iri ɗaya, wanda za a tuna shi ne wanda ya ce ga abin da na gina, ga inda ya lalace, ga yadda na gyara.

Na san abin da wasu samari za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Za su ce an saba, duk lokacin da hukuma ta kasa samar da aiki sai ta juyo ta ce matasa ne ba su da dabara. Za su ce ina wutar da za a yi aiki da ita, ina jarin, banki na neman jingina da ruwa mai yawa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya kashe ƙaramar sana'a. Duk haka ne, kuma ba za mu daina matsa wa masu mulki lamba a kan wuta da hanya da kuɗin jami'o'i ba. Sai dai yaron da ke aji uku a yau ba zai dakatar da shekarunsa sai ranar da aka gyara Nijeriya ba. Batun jari kuwa, mu a Sabo bai kamata ya gagare mu ba, domin unguwar da ta iya ba da bashin garken shanu bisa amana ba ta rasa yadda za ta ba ɗanta jarin gwaji.

A nan ne maganata ta koma kan iyayenmu masu gida da Alhazan unguwa, da girmamawa nake yin ta. Allah ya saka muku, kun biya kuɗin makaranta, wasunku ba ku taɓa shiga aji ba amma kun tsaya 'ya'yanku sun shiga. Sai dai akwai halaye biyu da ke karya yaran nan. Na farko, in yaro ya dawo hutu ya ce Baba me zai hana a riƙa rubuta bashin nan a kwamfuta, sai a ce masa tun ba a haife ka ba muke wannan sana'a. Daga ranar ya kama bakinsa. Na biyu, in mai digiri ya tsuguna yana aiki da hannunsa, a rumfa ko a kara, sai a fara zunɗensa ana cewa boko bai yi rana ba. Wanda ake wa dariya in ya gwada ya faɗi ba zai sake gwadawa ba, dabara kuwa ba ta samuwa sai an faɗi sau da yawa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka ne, amma akwai abin da yaro ke gani a cikin wayar nan wanda babba bai saba dubawa ba.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai an sauya manhaja. Watannin nan da ake tura ku koyon aiki, maimakon neman ofishin da za a sa muku hannu a littafi kuna zaune kuna danna waya, ku nemi inda ake da matsala ta gaske a fanninku. Ku riƙa shiga sassan da ba naku ba, mai karatun kwamfuta ya yi abota da mai karatun dabbobi, domin sabon abu yawanci a mahaɗar ilmi biyu yake fitowa. A garin nan ne a 1961 wasu samari marubuta da masu zane, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Mbari, suna haɗuwa suna nuna wa juna aiki suna sukar juna, shekara ashirin da biyar bayan haka ɗaya daga cikinsu ya ɗauko kyautar Nobel. Zauren maigida ɗaya ya ishe ku irin wannan zama kowane mako.

Abin da nake roƙo a aikace ba shi da yawa. Ƙungiyar ɗaliban Sabo da ke Jami'ar Ibadan da Kwalejin Fasaha da sauran makarantu su zauna da shugabannin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan canji, a gaban Sarkin Hausawa, kowace sana'a ta faɗi abubuwa biyu ko uku da ke jawo mata asara. A rubuta su, a kai wa shugabannin sassa a jami'a kafin lokacin da ake raba wa 'yan ajin ƙarshe batun kundinsu. Ɗalibin da ya ɗauki ɗaya, a ba shi izinin shiga rumfa da kara ya auna ya yi tambaya, a kuma buɗe masa littafin lissafi gwargwadon abin da ba zai tona asirin kowa ba. In ya zo da abin da ya yi kama da mafita, masu sana'ar su haɗa masa kuɗin gwajin farko, maigida ɗaya ya tsaya masa kamar yadda ake tsaya wa baƙo mai shanu, a yanka lokacin da za a dawo a duba abin da ya fito.